Fuskar Mai Gidan Haya

"Wannan hancina ne! Dube shi da kyau, ki ce mini ba hancina ba ne!"

Hedimasta ne ke wannan ihun, ɗana na fari, yana tsaye a gaban teburin cin abinci yana dangwala yatsa a kan takarda kamar zai huda ta. Jikata, wadda muke kira Tawada saboda tun tana rarrafe ba a taɓa ganin hannunta fes ba, ta janye takardar a hankali don kada guminsa ya ɓata mata aiki.

"Haba Kawu, hanci ai hanci ne. Kowa da nasa."

"Kowa da nasa mai ƙullutu a tsakiya? Girar nan fa? Kunnen nan fa da ya buɗe kamar marfin tukunya? Ni sa'anki ne da za ki raina mini hankali?"

Ni dai ina kan kujerata ta bakin taga da kofina a hannu, ban ce kanzil ba. Faɗa kamar shayi ne, in ka yi garaje ka ƙona harshe. Sai ya ɗan huce ake sa baki.

Bari in faɗa muku mafarin abin, tunda kun iske mu a tsakiya.

Tawada littafi take yi, amma ba irin wanda muka sani ba, mai rubutu cike da shafi kamar tururuwa ta samu sukari. Nata zane ne. Ana yanka shafi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da hotonsa, maganar mutane kuma tana fitowa daga bakinsu cikin wani ɗan ƙwai. Ni da karatuna bai yi nisa ba ina karanta shi tsaf, don in rubutu ya gagare ni fuska ba ta gagarata. Don matasa take yin sa, 'yan sakandaren nan da ba sa zama da littafi sai an ƙwace musu waya.

Labarin ba ita ta ƙirƙira ba. Tsohon kisa ne da aka yi tun kafin a haifi uwata. Wani mai gyaran agogo aka tsinta a shagonsa da safe, an buga masa ƙarfe a ƙeya. Aka kama wani ɗan dako da ke kwana a bakin shagon, don shi ne ba shi da kowa. Wanda ya fi kowa kuka, wanda kuma ya tsaya gaban alƙali ya ba da shaida a kan ɗan dakon, shi ne mai gidan da mamacin ke haya, mutumin kirki a idon duk unguwa. To shi ne ya yi kisan. Yadda aka gano shi kuwa ba zan faɗa ba, ku jira littafin. Wannan ne kaɗai sirrin da na taɓa riƙewa a rayuwata, kuma yana nan yana cin cikina.

Yarinyar nan ta yi watanni tana zuwa inda ake ajiye tsofaffin takardun kotu, ta dawo da ƙura har a gashin ido. Duk abin da kowa ya faɗa yana cikin takardun. Abu ɗaya ne babu: hoto. Ba wanda ya san kamannin mamacin, ko na alƙalin, balle na ɗan dako. Ita kuma Tawada tana da wani hali, ba ta iya zana fuska daga kanta. In ta gwada, kowa sai ya fito da fuska ɗaya kamar 'ya'yan tsana. Sai ta jawo kujera kusa da ni ta ce, "Kaka, ba ni hanci."

Ni kuwa abin nema ya samu. Shekara da shekaru 'ya'yana suna cewa in rage sa ido a kan mutane, ashe jari nake tarawa. In ta ce hanci, sai in ce, "Wane iri? Na mai kuɗi ko na mai neman bashi?" In ba ta hancin mahaucin bakin kasuwa, in haɗa mata da labarin yadda matarsa ta kama shi. Tana dariya, hannunta yana tafiya. Alƙalin littafin, idonsa na likitan haƙorina ne, haɓarsa ta tsohuwar maƙwabciyarmu ce, wadda ba ta taɓa mayar da abin aro ba. Ɗan dakon kuwa na ba shi kafaɗun direban da ke kai uwarta asibiti wurin aiki. Kowa a littafin nan haɗe-haɗe ne, kunnen wannan, bakin wancan, ba mai iya cewa ga shi.

Sai mutum ɗaya. Za mu zo kansa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Masu buga littafin ƙaramin kamfani ne, sun ce ba za su buga ba sai kwamitin da ke zaɓar littattafan ɗakunan karatu na makarantu ya amince zai saka shi. Taron kwamitin ya matso, saura 'yan kwanaki. Shugaban kwamitin kuwa ba kowa ba ne illa wannan mai ihun da ke tsaye a falona. Tawada ta kai masa kwafin gwaji don girmamawa, kada ya ji a bakin wasu. Shi ne ya zo yau da kwafin a hannu daga makaranta ko gida bai biya ba, alli na nan a hannun rigarsa.

"Magana ɗaya ce," in ji Hedimasta. "Ki sake fuskar."

"Kawu, da hannu na zana shi, da alƙalami da tawada. Mutumin nan yana kusan kowane shafi. In na ce zan sake shi, sai na sake littafin gaba ɗaya. Watanni ne."

"To ki kawo baɗi."

"Ba za su jira ni baɗi ba. Akwai wasu a layi. In ya wuce wannan taron shi ke nan, aikina na shekara biyu ya tafi a banza."

"Ni kuma aikina na shekara da shekaru fa? Kin san yaran yanzu kuwa? Ranar da littafin nan ya shiga makarantata, kafin a tashi tara sunana ya koma Mai Gidan Haya. In na shiga aji, wani ɗan banza zai ɗaga hannu daga baya ya ce, 'Malam, ƙarfe nawa a agogonka?' Duk aji ya fashe. Da wane ido zan hukunta su?"

Na kusa ƙwarewa da shayi. Wallahi yaron da zai yi wannan tambayar, da na san shi da na ba shi alewa.

"Ba abin dariya ba ne, Inna!"

"Tari ne ya kama ni," na ce.

Tawada ta ajiye alƙalami. Idonta ya yi ja. "Kawu, na rantse maka ban kalle ka na zana shi ba. Ko sau ɗaya ba ka zo raina ba. Ni kaina sai yanzu da ka tsaya kusa da shi na ga kamar." Sai ta juyo a hankali ta dube ni. Yarinyar nan ba ta da wauta. "Kaka. Wannan fuskar ta wane ne? Ranar nan ba ki faɗa mini ba."

Shayin ya huce. Na ajiye kofi a kan taga.

"Hedimasta, zauna."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya, amma ka riƙe kujera. Ba fuskarka ba ce. Ta ubanka ce."



Ga yadda aka yi. Ranar da ta zo kan mai gidan hayan, Tawada ta yayyaga takarda har kwandon shara ya cika. Duk wanda ta zana sai ya fito da fuskar mugu, jajayen ido, baki a murguɗe. Ta ce, "Kaka, wannan ko jariri ya gan shi ya san shi ne. Ni mutumin da nake so, wanda zai yi ƙarya a gaban alƙali, alƙalin ya ji kunyar ƙin yarda da shi." Na ce mata, "'Yar nan, gyara zama. Wannan ba sai na zaga unguwa ba." Ban ɗauko hancin wani na haɗa da kunnen wani ba. Mutum guda na ba ta, daga hula har gemu.

Marigayi mijina, Allah ya jiƙansa, tsofaffin kekuna yake sayarwa. Bai taɓa kashe ko kaza ba, in ya ga jini sai ya nemi wurin zama. Amma zai sayar maka da keken da ba shi da birki, ka tafi kana yi masa godiya, ka faɗi a kwalbati, ka dawo ka ba shi haƙuri. Murmushi ne da shi wanda ke sa mutum ya manta abin da ya kawo shi. Ni kaina da shi ya same ni, ya ce shagon nasa ne, ashe yaron shago ne. Abu ɗaya ne ke tona shi: duk sanda zai yi ƙarya, sai hannunsa na hagu ya tafi ya kama leɓatun kunnensa yana murzawa. Wannan ma na ba Tawada. Ta yi tsalle ta ce shi ne abin da take nema. A littafin, duk inda mai gidan haya ya yi ƙarya, hannunsa na kunne. Ba a rubuta ba, ba a nuna da kibiya ba. Yaron da ke da ido zai gano shi tun kafin alƙali ya gano.

Ita ba ta san kakanta ba, ya rasu kafin a haife ta, hotonsa guda da muke da shi kuma ruwan rufi ya cinye shi tun tuni. Ranar da ta gama zanen ta juyo mini da shi, sai da na nemi tabarau. Ga shi nan, yana yi mini murmushin nan nasa, kamar zai ce kuɗin cefane suna aljihun ɗayar rigar. Na ce mata ya yi, na shiga ɗaki na ɗan jima.

"Inna," in ji Hedimasta, muryarsa ta dawo ƙasa, "mahaifina kika ɗauka kika sa a littafin kisa?"

"Aro na ba da. Shi da ya sha ba da aron abin da ba nasa ba. Da yana raye, da ya karɓi kwafi ya zaga da shi kasuwa yana cewa shi ya koya mata zane."

"Wannan ai ya fi muni! Kuma ko ta wa ce, ni na gaje ta. Ni zan fita da ita gobe."

"Kai ka gaji hancin da kunnen. Sauran ba ka gada ba. Tsaya ka ji."

Na gyara zama, don nan ne wurin da nake so.

"Makon jiya na ɗauki shafi ɗaya cikin waɗanda ta yar, na tafi da shi wurin mai kitso."

"Kaka!" in ji Tawada.

"Yi shiru, aiki nake miki. Wurin a cike yake. Na miƙa musu na ce, 'Ku duba mini, wa kuka gani?' Matar mai kantin magani ta ce wallahi mai gidan da suke haya ne, har yadda yake karkata kai in ya zo maganar ƙarin kuɗi. Wata ta ce mijin yayarta ne. Mai kitso ta ce ƙarya suke, mutumin ofishin wuta ne da ke cewa gobe za a gyara. Har suka kusa faɗa. Akwai mata biyu a wurin da 'ya'yansu ke makarantarka, suna ganinka duk ranar taron iyaye. Ko ɗaya ba ta ce Hedimasta ba. Ka san dalili?"



"Mutumin nan murmushi yake yi a kowane shafi. Kai kuwa wa ya taɓa ganin haƙorinka? Ni da na haife ka, rabona da su tun kana famfara."

Tawada ta toshe baki da hannu, ta bar tawada a kumatu.

"Saboda haka ka saurare ni," na ce. "In ka yi shiru, fuskar mai gidan haya ce, kowa ya ga nasa azzalumin a ciki. In ka hana littafin, mutane za su tambaye ni dalili. Ka san ni, ban iya ƙarya ba, wannan na bar wa ubanka. Kuma ban iya shiru ba. Zan ce Hedimasta ya hana don ya ce shi ne a ciki. Kafin la'asar ta kai wurin mai kitso, kafin magariba ta kai gidan kowane ɗalibi. Shafin nan kuwa yana jakata. Wanda bai taɓa lura da kunnenka ba sai ya zo makaranta musamman ya duba."

"Barazana kike mini, Inna?"

"Ni? Tsohuwa da ni? Halina kawai nake tuna maka."

Ya zare tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya gyara tsayuwa irin wadda yake yi a gaban ɗalibai da safe, ya ɗaga haɓa.

"Ku fahimce ni. Ni fa ba fuskata ce ta dame ni ba ko kaɗan. Wannan ƙaramin abu ne. Tarbiyyar yara nake dubawa. Littafin kisa a hannun ɗan sakandare, ina amfaninsa? Tun farko abin da ya kawo ni ke nan."

Ni ina kallonsa, Tawada tana kallonsa. Ba fuskarsa muke kallo ba. Hannunsa na hagu muke kallo, wanda ya tashi da kansa ya kama leɓatun kunne yana murzawa a hankali.

A kan teburin kuwa shafin na nan a buɗe: mai gidan haya a gaban alƙali, yana cewa shi tausayin mamacin ne kawai ya kawo shi, hannunsa a kunne.

Hedimasta ya bi idonmu. Ya dubi shafin. Ya sauke hannun kamar ya taɓa garwashi, ya cusa shi a aljihu.

"Sauro ne," ya ce.

"Na gado," na ce.

Tawada ta miƙe. Na ɗauka dariya za ta yi, amma ba ta yi ba. Ta tattara takardunta ta daidaita bakinsu a kan tebur.

"Kawu, ba zan sake fuskar ba. Ko da ina da lokaci ba zan sake ba, yanzu da na san ta wane ne. Maganar tarbiyya kuma, ka duba ka gani, ban zana jini ko ɗigo ɗaya ba. Labarin ɗan dako ne da kowa ya yarda shi ne, don rigarsa ta yage, da mutumin da kowa ya yarda ba shi ba ne, don ya iya magana. In wannan bai dace da ɗalibanka ba, to. Ban ce ka zaɓe shi ba. Kai kawuna ne, bai ma kamata ka sa baki a kan littafina ba, ko a so ko a ƙi. Ka bar sauran su karanta. In sun ƙi shi, na haƙura."

Na dubi yarinyar nan na ce a raina, wannan bakin ba na ubanta ba ne, daga wajena ta ɗauko, sai dai ita ta sa masa birki.

Hedimasta ya dubi taga, ya dubi fanka, ya dubi jakata da ke rataye a hannun kujera.

"Ranar taron ma ba ni da lafiya," ya ce. "Mataimakina zai zauna. Ku yi abin da kuka ga dama, ku da littafinku!"

Na ga aljihun nan yana motsi, hannun yana neman fitowa. Ya danne shi da ɗayan.

"Allah ya sawwaƙe," na ce. "Me zai same ka ranar, don in faɗa wa masu tambaya?"

"Inna, ki bar ni!"

Ya sunkuya ya ɗauki jakarsa. Sai na ga ya miƙa hannu ya ɗauke kwafin gwajin daga kan tebur ya soke a hammata.

"Kawu, wannan shi ke nan gare ni," in ji Tawada. "Shi zan kai wa kwamitin."

"Zan aiko da shi gobe."

"Me za ka yi da shi? Ba ka ce ba shi da amfani ba?"

"Ban gama ba!" Ya kai bakin ƙofa ya juyo, fuska a murtuke. "Na tsaya inda aka yanke wa ɗan dakon hukunci. Wai yaya aka yi aka kama shi, shi wancan ɗin?"

Na ɗauki kofina. Cikina yana ta ƙaiƙayi, maganar ta zo har maƙogwaro, amma na haɗiye ta.

"Je ka karanta," na ce. "Ka gaishe mini da ubanka."

Ya fita ya buga ƙofar da ƙarfin da sai da agogon bango ya karkace.